Farin Zane a Bayan Babura

Litinin, 3 ga Maris
Maigida, mai shagon hoton da nake aiki, ya yarda in riƙa tafiya da tsohuwar kyamarar shago da yamma. Wallahi na gaji da hoton fasfo: ɗaga haɓa, kar ka yi murmushi, tashi, na gaba. Masu tseren babura suna neman mai ɗaukar hoto, ni kuma na ƙwallafa rai. Ya nuna mini dabarar. Ka rage saurin ɗauka, ka manne gwiwar hannu da haƙarƙari, ka bi babur da ƙugu ba da hannu ba, ka danna kana cikin juyawa. In ka dace babur zai fito fes, duk abin da ke bayansa ya shafe.

Alhamis, 6 ga Maris
A ƙofar gida nake koyo, titinmu ba ya rabo da babura. Sai dai Baba. Tun da aka sallamo shi daga asibiti, kullum yana tsallaken titi a kujerarsa ta roba, gaban shagon tela, daidai inda nake saitawa. Na yau duk shirme. Hannuna ya ƙi bi, babur ya zama hayaƙi, Baba kuwa ya fito tar yana mini dariya. Na goge su tas. Ɗaya na tura wa Maigida ya faɗa mini kuskurena, ya ce wai hoton tsoho ya aike ni?

Asabar, 8 ga Maris
Baba ya yafuto ni. Ya ce in bar bin iska in ɗauke shi guda mai kyau da farar rigarsa, jikokinsa na nesa su san fuskarsa. Ba shi da hoto sai na katin shaida, shi ma kamar wanda aka kamo. Kuma ya hana kowa ɗaukarsa da waya, wai yana da ɗa mai hoto. Na ce gobe, Baba, haske zai tafi. Ya ce, "To, sarkin babura."

Laraba, 12 ga Maris
Kafaɗa na ciwo. Goge, goge, goge.

Lahadi, 16 ga Maris
Ta samu! Wani mai jan babur, har igiyar hular kwanonsa ta fito, tayoyi na juyawa, baya duk ya shafe. Da gudu na tsallaka na nuna wa Baba. Ya kawo ido kusa, ashe kansa yake nema. Ya ɗora yatsa kan wani farin zane a bayan babur ɗin ya ce, "Ni ne nan?" Na ce eh. Ya ce ashe har yanzu yana gudu, shi da ƙafa ba ta kai shi bakin layi. Har tela ya yi dariya.
Farar rigar ce a jikinsa. Na gani, na yi kamar ban gani ba.

Juma'a, 21 ga Maris
Masu tsere sun yaba, sun ce in zo wata mai kamawa. Yaya ta bugo waya, ko na ɗauki Baba? Na ce sai na kwaso fitila da labule daga shago in yi masa na gaske. Ta ce in dai ɗauka, da babu gara ba daɗi. Na ji haushi. Ita za ta koya mini aikina?

Talata, 25 ga Maris
Baba ya rasu da hantsi.

Asabar, 29 ga Maris
Yaya ta iso da yara, ta nemi hoton. Na zauna a shago na bi katin kyamarar kaf. Mutanen da ban san su ba, ga su nan fes, har haƙoransu. Baba a bayan kowanne, farin zane kawai. Fari, fari, fari. Tun ranar da ya roƙe ni bai sake fita da wata riga ba. Kullum a shirye yake zama, ni kuma kyamara a hannuna, titi ne kawai a tsakaninmu.
Na yi kuka kamar yaro. Da na sani ƙeya ce, ban taɓa jin nauyin maganar ba sai yau.

Talata, 1 ga Afrilu
Maigida ya miƙo mini wayarsa. Hoton da na tura masa ne, bai goge ba. Hayaƙin babur ya rufe Baba daga gwiwa, amma fuskar tar, baki buɗe yana mini dariya. Tsohuwar shuɗiyar rigarsa ta zaman gida, mai ɗinki a aljihu. Da yana nan da bai yarda jikoki su ga wannan ba.
Na wanke shi babba na kai wa Yaya. Ba ta yi mini gori ba, gara ma ta yi.

Lahadi, 6 ga Afrilu
Yau ne tseren. Na ce musu kafaɗa na ciwo, ban je ba.
Da yamma na fita ƙofar gida da kyamara. Babura na ta wucewa, hannuna bai bi ko ɗaya ba. Tela bai ɗauke kujerar ba tukuna. Na ɗan tsaya, sannan na koma ciki na tambayi Mama wace riga take so ta sa.