Soson da Aka Ɗauke Daga Ɗakin Mahaifina

Lukman Muttaka Tsibiri,
Shiyar Rimin Dogo,
Talata Mafara.
Laraba, 13 ga Agusta, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsafta da Duba-gari,
Shiyar Rimin Dogo,
Talata Mafara.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ZUBAR DA RUWAN AKWATIN KIFI DA ƊAUKE NA'URAR TACE RUWA A GIDANA

Bayan gaisuwar girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran 'yan kwamiti, ina neman izinin kawo kuka kan abin da aka yi a gidana jiya Talata, ina kasuwa. Ni tela ne, ban saba rubuta wa manya takarda ba. In wata kalma ta yi kaifi, a yafe mini.

Mahaifina, Malam Muttaka, masunci ne. Ƙuruciyarsa da tsufansa duk a bakin ruwan Bakolori ya yi su, ta wajen Maradun. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, na ɗauko shi ya dawo wurina. Ba ya tashi, magana ma sai da ƙyar. Da likita ya ce mini abin da ya rage kawai a riƙa faranta masa, na tambaye shi abin da ransa ke so. Ya ce, "Kihi. In ga kihi shina iyo." Dalilin da ya sa ke nan na sa aka haɗa mini akwatin gilashi na kiwon kifi, na ajiye shi daidai inda idonsa ke kaiwa daga gado.

1. A rahoton duba-garinku an rubuta cewa an iske "ruwa kwance babu kifi" a gidana. Gaskiya ne babu kifi, amma da dalili. Sabon akwati kashe kifi yake yi. Kashin kifi yana zama guba mai suna amoniya, kuma babu mai cinye ta sai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke yin gida a cikin soson na'urar tace ruwa. Su ke mayar da ita wata guba ta biyu, wasu kuma su mayar da ta biyun wani abu mai sauƙi da ake ragewa ta hanyar canza ruwa. Kafin su yawaita sai an yi wajen mako shida ana jefa ɗan abincin kifi yana ruɓewa, ana auna ruwan da magani a 'yan kwalabe. Tun farkon Yuli nake wannan renon. Har ƙaramar sola na ɗora don kada na'urar ta tsaya in an ɗauke wuta. Ranar Lahadi kwalbar farko ta nuna rawaya, ta biyu ta fara komawa shuɗi, alamar guba ta kusa ƙarewa. Na riga na gaya wa Baba cewa Juma'ar nan kifin za su shigo.

2. Jiya da hantsi duba-garinku, Malam Balarabe, ya zo da wani abokin aikinsa. Matata Taibatu ta nemi su jira ni, suka ce aikin hukuma ba ya jira. Suka kwashe ruwan suka watsar a tsakar gida, suka zubar da tsakuwar da ke shimfiɗe a ciki, suka kife akwatin a rana, sannan suka ɗaure na'urar a leda suka tafi da ita, wai shaida. Duk wannan a gaban tsohon aka yi, yana ɗaga hannunsa mai lafiya yana son yin magana, babu wanda ya waiwaye shi. Ranka ya daɗe, akwatin nan da murfinsa, kuma ruwan dare da rana yana motsi. Na tabbata Malam Balarabe ya fi ni sanin cewa sauro ba ya ƙwai a irin wannan.

3. Na san zato zunubi ne, amma ruwa ba ya tsami banza. Na bi layinmu gida gida, babu inda duba-gari suka shiga jiya sai nawa. Ba su leƙa randa ba, ba su duba makewayi ba, daga zaure kai tsaye suka nufi ɗakin Baba kamar an zana musu hanya. Kuma sai suka zaɓi Talata, ranar da kowa ya san ba na wuni gida. Ban da iyalina, mutum ɗaya ne ya taɓa shiga ɗakin nan ya ga akwatin, wato maƙwabcina Alhaji Gajere, wanda ɗan kwamitinku ne, wanda kuma tun farkon damina muke sa-in-sa kan magudanar da ta ratsa tsakaninmu. Shekara guda Baba na kwance bai taɓa zuwa dubiya ba, sai makon jiya. Addu'ar da ya yi wa maras lafiya ba ta kai tambayoyin da ya yi kan kwalabe tsawo ba. Yana fita ya ce, "Ruwa ba kihi? Lalle Lukman, kana da aiki." A bayan shagonsa akwai tsofaffin tayoyi cike da ruwan sama, har sun yi kore. Su ba a gan su ba.

4. Abin da ya fi ci mini rai, daga wannan dubiyar aka fara yaɗawa a majalisa cewa wai haɗe-haɗe nake yi wa mahaifina da ruwa mai rikiɗa launi. Ni da nake juya shi, nake yi masa wanka, yau ni ake yi wa wannan kallon a masallaci. Ban ce Alhaji Gajere ne ya faɗa ba. Na dai ce kafin zuwansa babu mai faɗa.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon abubuwa kamar haka. A binciki wanda ya kai rahoton, a kuma tambayi dalilin da ya sa gidana kaɗai aka shiga. A turo wanda kwamiti ya amince da shi in auna ruwa a gabansa, ya ga abin da kwalaben ke yi, don bakin mutane ya mutu.

Amma kafin duk wannan, a dawo mini da na'urar yau. Allah ya sa Taibatu ta yi dabara ta ɗebi ɗan ruwan akwatin tun ba a watsar ba, ta zuba a ledar kafin a ɗaure. Muddin soson yana jiƙe, akwai sauran rai a cikinsa. Don girman Allah a kwance bakin ledar ya sha iska. Kada a shanya shi, kada wani ya ga ya yi dauɗa ya wanke shi da sabulu, kada kuma a zuba masa ruwan famfo, domin maganin da ke ciki zai kashe ƙwayoyin halittar. In zai bushe, a yayyafa masa na rijiya. Idan ya dawo da rai, cikin 'yan kwanaki zan iya sa kifi. Idan ya mutu, sai na sake renon daga farko, kuma ranka ya daɗe, babu likitan da ya yi mini alkawarin wani mako shida.

Yau da safe na shiga gaishe da Baba, na fara yi masa bayanin cewa za a gyara. Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce in juya shi ya fuskanci bango, kuma har na fito rubuta wannan takarda bai karɓi koko ba.

Allah ya ƙara maka girma, ya sa ka duba kukana da idon rahama.

Naka mai biyayya,

Lukman Muttaka Tsibiri