Muryar Baba a Lasifika

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Malama Linda, nas ɗin nan 'yar Kagoro, ta ɗauke ni aiki. Ƙungiyarsu za ta zaga ƙauyukan Gwarzo da Kabo, a tara taimako, a wayar da kai kan gigin tsufa. Ni ne direba. Ni da na tsaya a aji huɗu, yau ina jan motar likitoci.

Talata, 6 ga Mayu
Ƙauyen Mainika. Malama ta yi ta bayani, akuya biyu ce kawai ta tsaya. Na karɓi lasifika, na kwaikwayi Babana, wanda shi ma gigin ya kama: yadda yake tambaya ko ya yi azahar sau shida, yadda yake kirana da sunan yayana da ya rasu. Nan da nan fili ya cika. Dariya har da riƙe ciki, kwalin taimako ya yi nauyi. Malama ba ta yi dariya ba. Ba ta kuma hana ni ba.

Laraba, 7 ga Mayu
Baba ya ɓata shimfiɗa. 'Yata Fiddausi ta wanke. Na ce mota na son juyen mai.

Alhamis, 8 ga Mayu
Durun. Wani ya kawo uwarsa a baro, da sawun igiya a ƙafarta. Ya ce in ba a ɗaure ba, sai dai a tsinto ta a gonar wani. Malama ta juya baya, wai tana neman auduga. Bayan nan na yi wasana. An yi dariya. Har shi mai baron.

Asabar, 10 ga Mayu
Gammo. Ina tsakiyar yi, wani tsoho ya kama min hannun riga. "Wannan ai muryar Malam Jibirin mai awo ce. Shekara talatin bai taɓa tauye mana mudu ba. Kai ɗansa ne?"
Na ce maƙwabci.
Haka bakin nan ya ce. Maƙwabci.

Lahadi, 11 ga Mayu
Wani ya ɗauki wasan a waya, ya zo hannun Fiddausi. Tana kallo a tsakar gida, Baba ya miƙa wuya ya saurara. Ya ɗan yi dariya, sannan ya daina. Ya ce, "Allah sarki. Wannan bawan Allah ba shi da 'ya'ya ne?"
Ta ce, "Yana da su, Malam."
Ba ta dube ni ba. Gara ta duba.

Talata, 13 ga Mayu
Kabo. Na ce wa Malama maƙogwaro na ciwo, ba wasa yau. Da muryata na yi magana: ni Abdulnasir, ɗan Malam Jibirin, ubana ba ya gane ni. Mutum sha ɗaya na ƙirga. Kwali sakayau.
Wata mata ta tsaya, ta ce nata uban ya ƙi cin abinci, mu yaya muke yi? Na ce bari in tambayo a gida.
Da na dawo na tambayi Fiddausi. Ta ce shi Baba tsoron guba yake, sai an fara ci a kwanonsa yana gani. Wata bakwai ke nan tana yi, in ji ta. Ban sani ba.
Na wanke hannu na zauna gaban kwanon Baba. Yunwa dai nake ji, ba wani abu ba.