Wane Garba Ƙarfi Kuka Kira?

Zuwa ga Shugaban Sashen Koyar da Injiniyoyin Makamashi da Lantarki na jami'a,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina da kuka.

Na farko. Mu biyu ne muka gama sakandare tare daga ƙauyen Ƙarfi ta ƙasar Malumfashi, kowannenmu Garba. Tun muna firamare hedimasta ya liƙa mana sunan garinmu a madadin na iyayenmu, kamar yadda aka saba, muka zama Garba Ƙarfi biyu. A gida ba a ruɗewa, ni ne Dogo, shi Gajere. Dukanmu mun nemi sabon kwas ɗinku, wanda ya haɗa lantarki da injuna da wutar madatsar ruwa da hasken rana wuri ɗaya.

Na biyu. Shekara uku ke nan da aka karanta sunayen waɗanda kuka ɗauka a rediyo, aka ce Garba Ƙarfi, sau ɗaya tak. Ina gona ina cirar auduga. Kafin labari ya iso ni, kawun Gajere ya goya shi a babur sun yi gaba. Da na zo washegari, magatakardanku ya ce ai Garba Ƙarfi ya riga ya yi rajista. A lissafi da kimiyya ban taɓa zama bayansa ba, malamanmu suna da rai.

Na uku, ba zan ɓoye ba, kishi yana cina. Ni ina awon auduga a Funtua, shi kuwa duk hutu sai ya zo da wando mai faɗin ƙafa, dattawa sun kewaye shi yana ba su labarin ranar da wuta za ta shigo Ƙarfi. Har mahaifiyata Injiniya take ce masa. In na hango shi a kasuwar Dayi sai in sake hanya, alhali yaron bai taɓa yi mini komai ba.

Roƙona, Ranka ya daɗe, a bincika. In ni kuka kira, ba na so a kore shi, a ba ni gurbi baɗi kafin karatun ya zube daga kaina. In kuwa shi ne, a faɗa mini ƙarara, ko na samu in iya miƙa masa hannu mu gaisa.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci. Wassalam.

Garba Dogo, ɗan Malam Audu, Ƙarfi.