Yael Ta Ƙi Uwarta

Maman Suzana,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Yaya ciwon ƙafar, yaya mutanen Vom? Surukinmu Fredrick ne ke rubuta mini, don haka ba duka zan faɗa ba.

Mun iso Kanada lafiya, ni da jikarmu Yael. Lafiya dai. Awa goma sha uku muna ɗaure a kujera kamar awakin kasuwa. Tana kuka na miƙe in goya ta, wata ma'aikaciyar jirgi ta ce in zauna, ni da furfurata. Ke kika ce tafiyar ba wuya, ban manta ba.

Yarinyar nan ta ƙi uwarta, Anti take ce wa Suzana. Shekara biyu tana hannunmu, me ake tsammani? Gwate ma sai daga hannuna take sha. Sau biyu suna ɗaga ranar dawowata, ba wanda ya tambaye ni.

Ki sa a yanke accar, kada a jira ni. Jiya takalmina kawai na ɗauka, Yael ta rungume ƙafata. Na ajiye.

Allah ya tsare ki.

Mijinki,
Badung