Dinyar Sinclair

Litinin, 27 Afrilu 1998
Sinclair ya iso sansanin farauta. Ƙanena, wai. Shekara arba'in da tara, bai taɓa harbin dinya ba, agwagwar dajin da muke farauta. Tun yana ɗan shida jirgi ya kwashe shi zuwa makarantar kwana ta gwamnati, daga can ya zarce birni, harshenmu ma ya zube masa a hanya. Yanzu da Inna ta kusa gangarawa ya tuno yana da uwa. Takalmansa masu ƙyalli, a cikin wannan taɓon.

Talata, 28 Afrilu
Inna ta fito da duwatsun adon da ta ɓoye tun yana yaro. Dinyar farko da ɗa namiji ya kashe, uwa ce ke feɗe fatar kan, ta busar, ta yi mata ado ta ajiye. Kan tawa dinyar ta yi ina ɗan tara. Ta ce ba za ta mutu ba sai ta yi na Sinclair. Abin ya ƙona mini rai. Wa ya yi shekara arba'in yana faskara mata itace?

Alhamis, 30 Afrilu
Na zaunar da shi a maɓoyar maharba ta gabas, inda iska ke dukan fuska kuma dinya ba ta bi. Wuni guda. Ya dawo leɓe a tsage, har da yi mini godiya.

Asabar, 2 Mayu
Ya gwada kiran dinya da baki, na ce ko kare aka taka wa wutsiya ya fi shi murya. Maza suka yi ta dariya. Shi ma ya yi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Litinin, 4 Mayu
Inna ta matsa, na tafi da shi maɓoyata. Dinya guda ta ware daga garke, ta yi ƙasa sosai. Tare muka harba. Na san nawa harbin ya bi iska, hannuna ya faɗa mini. Ta faɗo a bakin ƙanƙarar da ta rufe ruwa, Sinclair ya miƙe.
"Yaya, tawa ce?"
In biyu suka harba tare, babba a maɓoyar ne ke faɗin mai ita, ba a kuma musa masa. Na ce tawa ce. Ya ce to. Shi ya ɗauko mini ita.

Talata, 5 Mayu
Inna ce ta fige ta. Ta tsamo ƙwayoyin dalma uku daga ƙirjin, ta jera a tafin hannu. Ƙanana ne. Ni manya nake ɗurawa a bindiga, kowa ya sani, ƙananan kuwa shi na ba wa don na raina shi. Ta jira matata Minnie ta fita daga tanti, sannan ta ce:
"Ranar da jirgi ya zo, ɗaya kawai zan iya ɓoyewa a daji. Kai na ɓoye, shi na miƙa. Wannan ma sai ka karɓe masa?"
Na ce tsufa ne ke damun ta. Na fita.

Laraba, 6 Mayu
Hutunsa ya ƙare, ya bi jirgin da ya kawo mai. Da a ce na buɗe baki, da ya tafi da sanin dinyar tasa ce. Ya riƙe hannuna ya ce baɗi zai ƙara ƙoƙari. Inna ba za ta ga baɗi ba, duk mun sani.

Asabar, 9 Mayu
Inna ta daina yi mini magana. Ta tura duwatsun gefe, wai ba za ta yi wa dinyata ado sau biyu ba. Na feɗe kan dinyar da kaina, don kada ya ruɓe a banza kawai. Allura ta soke ni ya fi sau goma, adon kuma ya karkace. Minnie ta tambayi inda za a aika. Na buɗe baki in faɗa, sai na ga ko sunan unguwar da yake zaune ban sani ba.