Littafin da Ya Bar Babana Cikin Teku

Zuwa ga Mushe Darakta, wato malam mai kula da ɗakin karatun garinmu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da iyali, da garar da ke taya ka cinye littattafai.

Ni ne Ilyasu, direban motar albasa tsakanin Badaguishiri da Konni. Mahaifina, Allah ya jiƙan shi, tsohon sojan Faransa ne. A yaƙin duniya na biyu, jirgin ruwa mai nitso ya harbe jirgin da ya ɗauko su. Bisa katako ya tsira. Har ya rasu bai sake cin kifi ba, wai ya ga abin da kifi ke ci.

Sai ga shi a shirinka na rediyo ka karanto wani littafi kan jirgin da aka harbe ɗin, ka ce shi ne gaskiyar magana, kuma babu baƙar fata ko ɗaya cikin jirgin nan. Tun ranar, a fadarmu ana kirana ɗan mai iyo bisa tabarma. Na aro littattafanka biyu, na karanta da ragowar Faransancin lakwal, wato makarantar boko.

Na ɗaya, wanda ka yaba, kwamandan jirgin nitson ne ya rubuta shi bayan ya tsufa. Mutumin da ke leƙen duniya ta bututu daga ƙarƙashin ruwa, yaushe ya ga launin waɗanda ya harba?

Na biyu, ɗayan littafin ya jera sunayen hafsoshi, sauran abin da ke ciki ya kira shi kaya. Mushe, cikin kayan nan Babana yake.

Na uku, ko wurin da jirgin ya nitse littattafan ba su yarda da juna ba. Kai da ba ka taɓa ƙetare ruwan da ya fi gulbin Maggiya ba, da me ka auna? Da kaurin bango?

Ban ce Baba bai ƙara gishiri ba. Dabbar da ya ce ta bi shi cikin ruwa takan ƙara tsawo kowace sallah. Amma shi dai ya jiƙe.

Roƙona: kafin ka yabi littafi, ka duba wa ya rubuta, ina yake tsaye, wa ya ba shi labari. Ka karɓi kaset ɗin muryar Baba da ke hannuna ka sa a shirin. Ka kuma koma rediyo ka gyara maganarka.

Allah ya ƙara maka ilimi da basira. Inna, mahaifiyata, tana nan da ranta, tun ranar ba ta sake kunna rediyonta ba. Ka faɗa mini lokacin shirin, in je in kunna mata.

Wassalam.

Ilyasu Direba, Badaguishiri