Na Ba Da Hoton Ƙoƙon Kan Mijina Ba Da Saninsa Ba

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Na yi abin da na kasa faɗa wa kowa, har mahaifiyata.

Maigidana magini ne. Bara ya faɗo daga hawa na biyu a wurin aiki, kansa ya bugu, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Dole likitoci suka cire ƙashi a gefen hagu na ƙoƙon kansa, faɗinsa ya kai tafin hannuna. Allah ya yi da sauran kwana. Amma wata bakwai ya yi da kai a loɓe, fata ce kawai ta rufe wurin, in kin zuba ido sai ki ga tana motsi. Mutumin da ba ya iya zaman gida ya koma ko ƙofa ba ya leƙawa. Madubin ɗakinmu ma ƙarƙashin gado na tura shi.

Daga baya aka yi masa murfi. Likitan ya nuna mana a kwamfuta yadda aka zana shi daidai da ramin, ya ce na'urar ta koyi siffar kan mutum ne daga hotunan ƙoƙon kai na ɗaruruwan mutane da suka yarda aka tara nasu. Ranar da aka kwance bandeji 'yar autarmu ta shafa wurin, ta ce an yi wa Baba filasta kamar yadda yake yi wa bango. Ranar ya fara dariya.

Watan jiya likitan ya nemi izinin saka hotunansa a cikin tarin, na kafin aiki da na baya. Ya ce rami irin nasa, wanda ya gangaro har kusa da ido, ba su da shi da yawa, kuma za a goge suna. Baban yara ya ce wata bakwai yana ɓoye kan nan, ba zai miƙa wa duniya ta kalla ba. Likitan bai matsa ba.

Da na koma karɓo masa magani, na zauna a benci kusa da wata mata mai goyo. Ɗankwalinta ya zame, na ga nata ramin a ka, ta yi saurin jawo shi tana kallon ƙasa. Anti, ban san lokacin da na tashi ba. Na shiga ofishin likitan na ce maigidana ya sake shawara, shi ya aiko ni. Da ma duk takardun jinyarsa ni nake sa wa hannu, sun saba da ni. Na sa hannu.

Yanzu kullum yana yabona gaban 'yan'uwansa, wai ban taɓa munafuntarsa ba, ni kuwa abinci ma ba ya wuce mini. Wata zuciyar ta ce in yi shiru, ai alheri na yi kuma ba zai taɓa sani ba. In faɗa ko in bari?

Matar Magini

AMSA

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Na yarda tausayi ne ya kai ki ofishin nan, kuma hujjarki tana da ƙarfi: da wasu sun hana nasu hotunan, da aikin maigidanki bai zo da sauƙi haka ba.

Sai dai kai nasa ne. An tambaye shi yana cikin hankalinsa, ya ce a'a. Lokacin da kike sa masa hannu ba ya iya magana ne. Yanzu yana iyawa. Ki tuna kusan shekara ya yi ana yanke masa komai, daga lokacin wanka har gefen da zai kwanta. Wataƙila wannan a'ar ce abu na farko da ya yanke da kansa tun faɗowarsa, kika bi ta baya kika warware.

Gobe ki koma asibitin, ki gaya wa likitan gaskiya, ki ce a dakatar da hotunan. Kada ki ja lokaci, domin in suka shiga tarin aka rarraba wa masu bincike, janye su zai yi wuya. Daga nan ki gaya wa maigidanki, ku biyu kawai. Ki fara da laifinki, ki ba shi haƙuri, ki bar shi ya yi fushinsa. Labarin matar benci ya jira sai ya huce, kuma kada ki mai da shi abin matsa masa.

In wata rana ya buɗe zancen da kansa, ku je wurin likitan tare ya yi tambayoyinsa: wa zai ga hotunan, za a goge fuska ko suna kaɗai, zai iya fasawa daga baya? A nuna masa irin abin da ake tarawa ya gani da idonsa. Zai iya yarda, zai iya ƙi. In ya ƙi, kin yi naki, ki bar maganar nan.

Yabon da yake miki ba ƙarya ba ne, wata bakwai kika yi kina tsaye a kansa. Ki je ki gyara wannan guda ɗayan, ki ci abincinki. Allah ya ƙara masa lafiya, ya sanyaya zuciyarsa a kanki.